Yadda Ake Kashe Mai Masa da Sharhin Littafi

Kai da kake riƙe da waya kana son a san da zamanka a cikin masu karatun littafi, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, kafin azumi ya zagayo za ka zama babban mai sharhi a Abuja, irin wanda in ya yi tari a guruf sai marubuci ya canja labari. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. A kaina aka gwada ta, kuma ta ci.

Sunana Ummukulthum, amma daga bakin kasuwar Wuse har inda tasi masu kore da fari suke juyawa, Iya Mai Masa aka sani. Ban yi boko ba, ban iya haɗa baƙi ba. Maƙwabciyata Mashkura mai ɗinki ce take rubuta wannan a wayarta, na kuma gaya mata ko kalma ɗaya ta sassauta mini ban yafe ba. In kana cewa me ya haɗa wadda ba ta karatu da koyar da sharhi, to saurara: rabin waɗanda suka yi sharhi a kaina su ma ba su karanta ba.

Mataki na 1: Nemo littafin da harbi ya yi wa yawa

Kada ka ɓata lokacinka da littafin da ake zaune ana hira. Nemi wanda tun a shafin farko mota ta kife, wani ya diro daga bene, wani ya ce a kama shi. Irin na Muktar ke nan.

Muktar ma'aikacin ofis ne. Ya yi shekaru yana zama a bencina da safe, masa da miyar taushe a gabansa, yana ta latsa waya. Ni na ɗauka aikin gwamnati yake ragewa. Ashe ni yake aunawa. Yana da jerin littattafai a kan wani ɗan sanda wai shi Sufeto Abednego, mutumin da ba ya barci, ba ya cin abinci, harsashi kuma ba ya samunsa sai a kafaɗa. Littafi na huɗu ya sa masa suna Tanda Mai Rami Tara. A ciki, bayan Sufeto ya bi 'yan fashi daga Bwari har Karu, sai aka gano ashe shugabarsu wata tsohuwa ce mai suyar masa a bakin kasuwa, ana ce mata Iya Kulu.

Wai a dole ya canja suna. To lemar nan shuɗiya ta wace ce? Tabon mai a hannun hagu na wace ce? Har maganar da nake yi wa masu daɗewa a benci, "Ci ka tashi, ba falon ubanka ba ne," ya ɗauka ya sa a bakin matar. Bambancin kawai, ita in ta faɗa wa mutum haka, washegari sai a tsince shi a kwata.

Irin wannan littafin za ka nema. In babu mutumin gaske a cikinsa, sharhinka ba zai yi armashi ba.

Mataki na 2: Kada ka kuskura ka karanta har ƙarshe

Nan ne sababbin shiga suke yin kuskure. Karatu yana rage wa mai sharhi ƙwarin gwiwa. Ka karanta babi biyu, ka tsallaka zuwa inda aka yi harbi, sauran ka bari wani ya ba ka labari a cikin bas.

Sannan ka shiga guruf ɗin masu karatu. Na Muktar wata mata ce take riƙe da shi, Patricia, mai shagon gyaran gashi, wadda in ka kwana biyu ba ka yi sharhi ba sai ta cire ka. Shi ma Muktar dokarsa ke nan: ba sharhi, ba sabon babi. Saboda haka kowa dole ya yi magana, ko yana da abin faɗa ko ba shi da shi.

Mashkura ta karanto mini irin abin da manyanku suke rubutawa. Ka haddace, za su yi maka amfani:

"Littafin nan ya haɗu, amma Sufeto ya cika gudu, ko numfashi ba ya yi."

"Ni dai na uku ya fi mini. Wannan an yi gaggawa." Wannan ka riƙe ta da kyau. Kowane littafi aka fitar, ka ce na baya ya fi. Ba wanda zai tambaye ka dalili.

"Babin gadar nan ya sa na ƙona shinkafa, Allah ya isa tsakanina da marubuci."

"Don Allah a aurar da Sufeto, ya wahala haka."

In kuma kana son a yi saurin saninka, jira sai wani ya ce yanzu ya fara karantawa, sai ka rubuta masa da manyan baƙi cewa mai masar ce shugabar ɓarayin. Za a zage ka, amma za a riƙe sunanka. Masana sun tabbatar cewa wanda aka zaga a guruf ya fi wanda aka manta da shi samun barci.

Mataki na 3: Ka rantse cewa ka san ta

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. Duk wanda ya tsaya a kan labari ƙaramin mai sharhi ne. Babba shi ne wanda zai ce, "Wallahi matar nan tana nan da ranta, na san inda take suya."

Kada ka tsaya nan. Ƙara gishiri. Ka ce kai tun da daɗewa jikinka bai ba ka ita ba. Ka ce akwai ranar da ka ga wata baƙar mota ta tsaya a gabanta. Gaskiya ne, baƙar mota tana tsayawa a gabana. Fara ma tana tsayawa. Bakin titi nake, ba ɗakin uwata ba.

Wani a cikinku ya rubuta cewa ya lura ina kallon mutane ta ƙasan ido. Hayaƙi ne, ɗan nan. Zo ka zauna gaban murhu tun daga asuba mu ga ta inda za ka riƙa kallon mutane.

Mataki na 4: Kai ziyara wurin da abin ya faru

Mai sharhi na gari ba ya zama a gida. Tara 'yan uwanka, ku sa tabarau, ku zo.

Wata Asabar ina cikin juya masa sai ga su tuli guda, Patricia a gaba. Na ce yau Allah ya kawo kasuwa.

Patricia ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Sannu da aiki, Iya! Kai ne Iya Kulu, ko? Mun zo mu gan ka."

Na ce, "Ni Ummukulthum ce. Ta nawa za a zuba?"

Sai suka fashe da ihu. Wani dogo ya dafe ƙirji ya ce, "Kun ji muryar? Haka na ji ta a raina!"

Patricia ta ce, "Iya, abeg, riƙe cokali ɗin kamar bindiga, mu ɗauki hoto ɗaya kawai."

Na ce, "'Yar nan, cokalin nan daga cikin mai ya fito. In na riƙe shi yadda kike so, gashin da kika sa ba zai koma gida tare da ke ba."

Suka ƙara ihu, har da tafi. Wata ta ce, "Kai, oga ce ta gaske!" Wani ya leƙa cikin bokitin ƙullu, wai a nan matar littafi take ɓoye harsashi. Ranar ce na fara jin labarin. Bayan sun tafi Mashkura ta kunna mini inda wani yake karanta littafin da murya a waya, na zauna na ji kaina ina ba da umarnin a sace motar banki. Ni da ko keke ban taɓa hawa ba.

Ka lura, in ka je irin wannan ziyara ba dole ba ne ka sayi komai. Hoto ka zo ɗauka. Tsaya daidai inda za ka tare wa masu saye hanya.

Mataki na 5: Kada ka waiwaya

In ka gama sharhi, wuce abinka. Abin da ya biyo baya ba naka ba ne.

Magana ta fita daga waya ta shiga kasuwa, kuma a kasuwa ba wanda ya san da wani littafi. Abin da ya iso kunnen mutane shi ne an rubuta a takarda cewa Iya Mai Masa tana da hannu a fashi. Abin da aka rubuta a takarda kuwa, wa zai musa?

Akwai Alhaji Sadisu mai shagon atamfa, Bakatsine, dattijo. Tun ina suya a kan duwatsu uku yake aiko a karɓar wa 'yan layinsu masa. In matan layin za su shiga cikin kasuwa, wurina suke ajiye kayansu, wata har da goyo. Sai na ga aike ya tsaya. Matan suka koma gaishe ni daga nesa, suna ƙara riƙe jaka. Na tare Alhaji da kaina na ce, "Alhaji, lafiya? Ko masar ce ta canja?"

Ya kalli ƙasa ya ce, "A'a, Iya, likita ne ya hana ni maiƙo."

Na ce, "Duk layin likitan ya hana?"

Ya ce, "To, kin san zamani. Mutum sai ya yi kaffa-kaffa." Ya wuce yana jan carbi da sauri.

Ba cinikin ne ya fi ci mini rai ba. Na zo garin nan ba ni da kowa, na aurar da 'ya'yana da tandar nan, ba a taɓa kai ƙarata ko wurin mai unguwa ba. Suna ɗaya na tara, shi ne kuka ɗauka kuka yi wasa da shi don kada Patricia ta cire ku daga guruf.

Mataki na 6: In tsohuwa ta zo neman haƙƙi, a kaɗa ƙuri'a

Muktar ya daina biyowa ta layina, sai na sa aka nuna mini inda yake sauka daga tasi. Da ya hango ni ya so ya koma cikin motar, amma direba ya riga ya ja.

"Iya, ina kwana? Wallahi ina ta son in zo."

"Ka zo yanzu. Muktar, me na yi maka? Miya na taɓa rage maka?"

"Iya, ai girmamawa ce. Ke ce tauraruwar littafin gaba ɗaya. Sun fi son ki a kan Sufeto."

"To su so ni da mutuncina. Ka koma ka rubuta cewa sharri aka yi wa matar, ba ta san komai ba."

Ya sosa ƙeya. "Iya, abin ba a hannuna yake ba. Masu karatu ne suke yanke hukunci. Sai dai mu sa a guruf."

Ka ji fa. Shi ya haifi ƙaryar, amma sai an nemi izinin maƙwabta kafin ya yi mata wanka.

Aka sa a guruf. Abu uku aka ba ku ku zaɓa: a wanke Iya Kulu, a kai ta kurkuku, ko a kashe ta. Nan ne za ka nuna ƙwarewarka, don haka ga yadda magabatanka suka yi:

"In aka wanke Iya na daina karantawa. Mutumin kirki ba ya daɗi a littafi."

"Kurkuku ba zai riƙe ta ba, da cokali za ta haƙa rami."

"A kashe ta, amma a yi mata mutuwa mai aji."

Masu son a wanke ni mutum ɗaya ce, Mashkura, ita ma sai da na tsaya a kanta. Mutuwa ta yi rinjaye da nisa. Muktar ya aiko a gaya mini wai in yi haƙuri, dimokuraɗiyya ce.

Mataki na 7: Yi kuka, ka fi kowa

Littafi na biyar ya fito. Mashkura ta kunna mini ina tankaɗe. A kan hanyar Bwari aka rutsa da ni, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, motoci sun kewaye ni. Na fito da cokali a hannu, na kalli Sufeto na ce masa ya kula da marayun da nake ciyarwa. Ashe wai duk fashin nan marayu nake yi wa. Sai harsashi. Sufeto ya cire hula.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan share ido. Garin shinkafa ne ya shiga.

To daga nan sai ka juya baki, kada ka ji kunya. Mu nan ba a zagin mamaci. Ko wane ne shi, da zarar an ce ya cika, sai a nemo alherinsa ko da tsinke ne. Ashe dokar nan har cikin waya tana aiki. Mutanen da suka zaɓi a kashe ni su ne suka cika guruf da addu'a:

"Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta. Uwa ce."

"Ni dama ban taɓa yarda muguwa ce ba." Mashkura ta duba mini, wannan shi ne mai maganar baƙar mota.

"Muktar ba ka da imani. Me tsohuwar nan ta yi maka?"

Patricia ta sa hotona da suka ɗauka ranar Asabar ɗin nan, ta zagaye shi da furanni. Hoton kuwa ya fita daga guruf, kamar yadda maganar farko ta fita, ba tare da littafin ya biyo shi ba.

Washegari na makara, ƙafata ta tashi, ban fito da wuri ba. Ko da na iso ta bayan shagon Mashkura sai na ji koke-koke. Ƙanwata Juwairiyya ce, tun daga Uke ta shigo motar farko, mayafi a hannu, tana cewa, "Yaya ta tafi ba mu yi sallama ba!" Mashkura tana ta rantsuwa cewa ina nan lafiya, ba mai sauraronta. 'Yan layin atamfa sun cika wurin. Na laɓe bayan labulen shagon, don na ga Alhaji Sadisu ya gyara murya.

Ya ce, "Jama'a, ni shaida ne. Shekara da shekaru muna tare da baiwar Allah nan, ban taɓa ganin ta ci haƙƙin kowa ba. Mata suna ba ta ajiyar kaya har da 'ya'yansu. Maganganun da aka yi ta yaɗawa a kanta, ni ban taɓa ɗauka ba."

Jama'a suka ce, "Haka ne, Alhaji."

Wata daga cikin masu riƙe jaka ta ce, "Ga tsafta. Ga faɗar gaskiya. Faɗanta ma na gyara ne."

Na bari sai da kowa ya zuba nasa, don ban san ranar da zan sake jin irinsa ba. Sannan na ɗaga labule na ce, "Alhaji, likitan ya sake ka ne?"

Juwairiyya ta zube a ƙasa. Mutum biyu suka bar takalmansu. Alhaji dai ya tsaya a wurin. Can ya ce, "Iya... ke ce?"

"Ni ce. Abin da ka faɗa yanzu, a gaban mutanen nan ka faɗa. Ko za ka janye tunda ban mutu ba?"

Ya kalli jama'a, jama'a suka kalle shi. Dattijo ba ya yabon gawa da safe ya ƙaryata kansa kafin azahar. Ya ce, "Ban janye ba." Ya ja benci ya zauna. "A zuba wa kowa."

Tun daga ranar aike ya dawo, ajiya ta dawo, har goyon. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ka ji, ko mutum ɗaya. Amma duk wanda ya yabe ni a gaban shaidu ya ɗaure kansa, kuma ina sane da fuskar kowa.

Mataki na 8: Ka san inda za ka tsaya

Wannan matakin ba na wasa ba ne, buɗe kunnenka.

Labari ya iso mini cewa kun fara wani sabon sharhi. Wai littafi ba ya daɗi ba Iya. Wai Sufeto shi kaɗai kamar tuwo ba miya. Wai a dawo da ita a na shida, a ce rigar ƙarfe ta sa a ciki, ko kuma 'yar biyunta aka harbe. Har wani mai kaifin basira ya kawo shawarar ta dawo ta fi da mugunta, ta ɗauki fansa a kan Abuja gaba ɗaya. Shi kuma Muktar, da ba ya iya ce wa masu karatu a'a, an ce ya fara cewa zai duba.

To in ta tashi, ku kuna da abin karantawa, ni kuma na koma shugabar ɓarayi. Addu'o'in nan duk za ku kwashe abinku. Alhaji zai sake ganin likita.

Saboda haka in aka sa ƙuri'a, ka zaɓi a bar ta a inda take. Rubuta cewa mutuwarta ce ta ba littafin daraja. Rubuta cewa dawo da ita raina hankalin mai karatu ne. Ka iya irin wannan maganar, na ji ka kana yi. In Muktar ya ga dama ya ɗauko wani, garin nan cike yake da masu shayi da masu faci.

Sanarwa

Ni Ummukulthum, mai suya a bakin kasuwa, ina shaida wa duk wanda ya bi matakan nan cewa ba ruwana da abin da zai same shi. In an cire ka daga guruf, kai ka sani. In ka ƙona abinci, kai da mai gidan. In ka rantse ka san wata tsohuwa, ta kuma zo ta san ka, ba ni na aike ta ba. Wanda kuma ya sa hannu aka tashe ni daga kabari, kada ya biyo ta layina da fararen kaya, don hannuna ya fara rawa kuma miyar taushe ba ta fita a wanki.

Sai da na sha wuya kafin na samu na mutu. Ku bar ni in ci moriyar abina.